Injin Esfireso da Ruwan Accra: Yadda Ake Gano Inda Matsalar Take

Kamfanonin da ke ƙera injin esfireso na gida a Italiya ko Jamus suna rubuta littafin umarninsu ne da zaton cewa ruwa iri ɗaya ke fitowa daga famfon mutum shekara da shekaru. Mu kuwa a Nima, Mamobi, Madina ko Sabon Zongo, tankin da ke kan rufin gida yakan sha ruwan famfo yau, jibi a kira tanka ta cika shi, idan abin ya yi tsanani kuma a ɗebo na rijiyar burtsatsen maƙwabta a jarkokin nan masu ruwan ɗorawa da ake kira galan ɗin Kufuor. Saboda haka, idan inji ya fara ɗigo maimakon zuba, ko kofi ya canza ɗanɗano ba tare da an canza garin ba, kafin a ɗauki sukundireba sai mutum ya tambayi kansa wane ruwa aka zuba wa injin a watannin da suka wuce, kuma daga ina aka samo shi.

Na koyi wannan ne da injin da yayana ya zo mini da shi daga Hambog. Ya yi kusan shekara yana aiki lafiya lau, sannan ruwan ya fara ja da baya, har ta kai ƙaramin kofi ɗaya yana cin fiye da minti guda. Na yi abin da kowa ke cewa a yi, na wanke shi da ruwan tsami, wato ruwan asid mai narkar da dattin ciki, sau biyu cikin mako ɗaya, babu abin da ya canza. Da na kai shi wajen wani dattijo mai gyaran kayan lantarki, sai ya zare tiyon da ke tsotso ruwa daga tankin injin, ya busa shi a kan farar takarda, wata jar laka mai santsi ta fito kamar kunun da ya kwana. Ya dube ni ya ce, "Malam, injinka ba shi da ciwon komai, ruwan da kake ba shi ne ya shaƙe shi." A lokacin ne na tuna cewa watanni biyu ke nan muna sayen ruwa daga wata tanka da ban taɓa tambayar inda take ɗebowa ba.

Ruwan famfon Accra yana fitowa ne galibi daga wurare biyu: madatsar Weija da ke kan kogin Densu, da matatar Kpong da ke ɗebo ruwan kogin Volta. An kuma buɗe wata matata a Teshie a 2015, wadda aka gina don cire gishiri daga ruwan teku. Mutanen Kumasi suna shan na Barekese da Owabi. Ruwan kogi da na madatsa yawanci bai kai ruwan ƙarƙashin ƙasa yawan ma'adinai ba, don haka wanda ke amfani da ruwan famfo zalla ba zai ga farin ɓawon da ma'adinai ke bari yana taruwa a injinsa da saurin da mutumin Landan ke gani ba. Damuwarsa ta fi karkata ga warin kulorin, da kuma lakar da ke biyo bututu a ranar da aka dawo da ruwa bayan kwanaki da ɗaukewa. Ruwan rijiya da na burtsatse ne ke zuwa da sauran fitintinu: wani mai tauri ne, wato mai yawan ma'adinai irin su kalsiyam, wani yana ɗauke da ƙarfe, wani kuma, musamman a unguwannin da ke kusa da teku, ruwan zartsi ne. Kowane ɗaya da irin ɓarnarsa, kuma maganin wannan ba ya yi wa wancan aiki.

Gwajin farko ba ya buƙatar ko sisi. A cire ludayin da ake cusa garin kofi a ciki, a ajiye kofin awo a ƙarƙashin bakin injin, a kunna na daƙiƙa 10, a duba yawan ruwan da ya zuba. Idan ruwan ya fito da ƙarfi, ya bazu daidai ta duk ramukan rariyar da ke bakin injin, to hanyar ruwa a buɗe take, laifin na niƙa ne: garin ya yi laushi da yawa, ko an cika ludayin fiye da kima. Abin da aka saba shi ne giram 18 na gari ya ba da kimanin giram 36 na esfireso cikin daƙiƙa 25 zuwa 30, kuma mutane da yawa sun wanke injin da ba shi da laifi alhali injin niƙansu ne ke son a ɗan sassauta shi. Yana da kyau a yi wannan awo tun injin yana sabo a rubuta lambar a bangon littafin umarni, domin ita za a riƙa kwatantawa da ita daga baya.

Idan ruwan ya fito da kyar ko da babu ludayi, sai a kasa kunne. Famfon da ke cikin yawancin injinan gida yana da ƙara iri biyu. Idan yana ta ƙara da ƙarfi kamar babur ɗin da ya rasa salansa amma ruwa ba ya fitowa, iska ce ta shiga masa, wanda yakan faru idan ruwan tanki ya ƙare ƙaf injin yana cikin aiki, ko idan injin ya daɗe a ajiye. A cika tankin, a buɗe bututun tururi, a kunna famfon har ruwa ya fito ta can babu tsarto, sannan a rufe. Idan kuwa ƙarar ta yi ƙasa, yana gurnani kamar mai ɗauke da kaya, to yana tura ruwan ne amma wani abu ya tare hanya. A fara bincike daga wuri mai sauƙi: tankin kansa, ƙaramar ragar da ke bakin tiyo, da matacin da wasu injina ke da shi a cikin tanki, wanda mutane ke mantawa da shi har ya shekara alhali kamfanoni suna cewa a canza shi duk bayan wata biyu ko uku. Bayan haka a kwance rariyar da ke bakin injin, galibi da sukuru ɗaya, a ɗaga ta ga haske. Launin abin da ya toshe ta shi ne zai faɗi gaskiya. Baƙi mai maiƙo daga kofi yake, ba ruwan ruwa da shi. Ja ko ruwan ƙasa mai santsi laka ce ko ƙarfe. Fari mai gautsi, wanda ke farfashewa kamar alli idan aka danna shi da farce, shi ne ɓawon da ake magana.

Wannan ɓawo yana samuwa ne idan ruwa na ɗauke da kalsiyam tare da bikabonet. A cikin ruwan sanyi suna narke, ba a ganin su, amma da zarar an dafa ruwan sai su haɗu su zama dutsen alli su manne a inda ya fi zafi. Wanda ya taɓa leƙa gindin butar mai shayi ya san kamanninsa. A cikin injin esfireso abin ya fi muni, domin ruwan haɗa kofi yana kaiwa digiri 90 zuwa 96, na tururi kuma ya haura 120, sannan hanyoyin ruwan sirara ne, wasu bakinsu bai kai milimita ɗaya ba. Alamominsa suna zuwa sannu a hankali: injin yana daɗewa kafin ya yi zafi saboda ɓawon ya lulluɓe ƙarfen dumamawa, tururi yana raguwa har madara ta ƙi yin kumfa, bututun tururi yana ɗigo ko an rufe shi, kuma wani lokaci a ga fararen tsakuwoyi ƙanana a gindin kofi. Butar lantarki da ke ɗakin girki ita ce shaidar da ta fi kowace araha. Idan ana dafa ruwa ɗaya a cikinta da wanda ake ba injin, kuma gindinta ya yi fari cikin wata guda, to cikin injin ma haka yake.

Amma shaidar ido ba ta isa ba, a auna ruwan ya fi. Ƙaramar na'urar nan mai kama da alƙalami da masu sana'ar fiya wata ke tsomawa a ruwa tana nuna jimillar abin da ya narke a ciki ne kawai, ba ta bambanta gishiri da kalsiyam. Idan ta nuna miligiram 300 a lita, ba za a san ko ɓawo za a yi fama da shi ko tsatsa ba. Duk da haka tana da amfani sosai a garin nan, domin idan ruwan gida yana nuna 80 a makon jiya, yau kuma ya nuna 400, an san cewa tanka ta kawo wani abu dabam, kuma ruwa ba ya tsami banza. Abin da ya fi ta bayani shi ne ruwan gwaji na ɗigo da masu sayar da kayan kiwon kifin ado ke da shi, kwalba biyu, ɗaya mai alamar GH ta taurin ruwa, ɗaya mai alamar KH ta bikabonet. Ana zuba mililita 5 na ruwa a kwalbar gwaji, a riƙa ɗiga maganin ana ƙirgawa har launi ya juya, kuma kowane ɗigo yana daidai da kimanin miligiram 18 a lita. Ƙungiyar Specialty Coffee Association ta ba da ma'aunin ruwan da ya dace da kofi: taurinsa tsakanin 50 da 175 a lita, bikabonet ɗinsa wajen 40, kuma babu kulorin ko kaɗan. Ga mai son injinsa ya daɗe, ƙasan wannan ma'auni ya fi. A taƙaice, ɗigo uku zuwa biyar na GH da biyu zuwa uku na KH ruwa ne mai kyau. Idan duka biyun sun haura bakwai ko takwas, ɓawo zai taru babu makawa.

Ruwan zartsi shi ne wanda na fi jin tsoro, kuma shi ne wanda littattafan umarni ba su cika magana a kansa ba. Sinadarin kulorayid da ke cikin gishiri, wanda bai kamata a rikita shi da kulorin na kashe ƙwayoyin cuta ba, yana cin ƙarfen sitil idan ya haɗu da zafi, yana yi masa ƙananan ramuka kamar na ƙuraje har wata rana tukunyar da ke dafa ruwa a cikin injin ta huje. Harshen mutum ba ya fara jin gishirin sai ya kai wajen miligiram 250 a lita, alhali kamfani irin La Marzocco yana cewa kada ya wuce 30 a ruwan da ake ba injinsa. Ma'ana, ruwa zai iya yin daɗin sha yana kuma cin injin. Tukunyar tururi ta fi shan wahala, domin tururi yana fita ya bar gishirin a ciki, kullum yana ƙara kauri. Alamominsa su ne ɗigon tsatsa a jikin tukunya, ruwa mai ɗanɗanon ƙarfe, kore ko shuɗi a gaɓoɓin tagulla, da ruwa da ke taruwa a ƙarƙashin injin ba tare da an ga inda yake fitowa ba. Ruwan tsami ba ya maganin wannan, ƙara masa ciwo yake yi. Butar tacewa irin ta Brita ma ba ta cire kulorayid. Tana rage kulorin da taurin ruwa ne kawai. Wanda ke zaune a Teshie, Nungua, Chorkor ko Dansoman yana shan ruwan rijiya, ko wanda bai san asalin ruwan tankarsa ba, ya daina zuba shi a injin kawai.

Ƙarfe kuwa ba ya ɓuya. Ruwan yana fitowa garau daga burtsatse, bayan sa'o'i kaɗan a bokiti ya koma ja, ya ɓata tayil ɗin banɗaki da farin kaya. Irin wannan ruwa yana toshe raga da bawul, yana kuma sa kofi ya yi baƙi-baƙi da ɗanɗanon ƙusa. Shi ma ba ruwan da za a ba injin ba ne.

Sai batun ɗanɗano, wanda mutane ke yawan ɗora wa mai gasa kofi laifinsa. Esfireso kusan kashi 90 cikin 100 ruwa ne. Idan bikabonet ya yi yawa, yana kashe ɗan tsamin nan mai daɗi da ke cikin kofin Habasha ko na Kenya, sai a ji shi lami, da wani bauri a bayan harshe. Idan ya yi kaɗan ƙwarai, tsamin ya yi kaifi kamar an matsa lemun tsami. Warin magani kamar na asibiti kulorin ne, kuma matacin gawayi yana ɗauke shi. Warin ruma ko na tafki kuma daga tankin injin yake ko daga babban tankin gida, musamman idan rana na shiga ta haifar da gansakuka. A zafin Accra, ruwan da ya kwana uku a tankin roba kusa da tukunya mai zafi ya riga ya canza, don haka a riƙa zubar da shi, a wanke tankin da sabulu da ruwan ɗumi duk mako. Hanyar rarrabewa mai sauƙi ce: a tara ruwa daga bakin injin babu kofi, a bar shi ya huce, a kurɓa, sannan a kurɓi na asalin inda aka ɗebo. Idan biyun duk suna da warin, laifin ruwa ne. Idan na injin ne kaɗai, cikin injin ne ke son wanki.

Idan gwaji ya tabbatar da ɓawo ne, sai a zo ga wanki da ruwan tsami, kuma a nan ake son natsuwa, kada garin gyaran gira a rasa ido. Da farko a san irin ƙarfen tukunyar. Ta injin Rancilio Silvia ta tagulla ce, tsofaffin Gaggia Classic kuma tasu ta sanholo ce, wadda tsami mai ƙarfi ke iya ci, don haka ga irinsu a yi amfani da maganin da kamfanin ya amince da shi. Binega ba ta dace ba, domin ba ta da ƙarfin kirki kuma warinta yana daɗewa a cikin roba. Idan littafin umarni bai hana ba, garin sitirik asid kimanin giram 20 a lita ɗaya na ruwan ɗumi ya isa. A cire matacin tanki da ludayi, a zuba haɗin, a fitar da kamar kofi ɗaya ta bakin injin da wani ta bututun tururi, sannan a kashe injin a bar shi minti 15 zuwa 20. Kada a kunna tururi a lokacin, domin a tsananin zafi sitirik yana iya haɗuwa da kalsiyam ya bar wani farin datti da ya fi na farko wuyar fita. A maimaita har tankin ya ƙare, sannan a wanke tankin, a ratsa injin da cikakken tanki biyu ko uku na ruwa mai tsabta, har sai an kurɓa ba a ji tsami ba. Kofi na farko bayan wanki a zubar da shi.

Akwai abin da ke ba mutane mamaki: injin da ya yi shekaru ba a wanke ba yakan toshe gaba ɗaya bayan wankin farko. Ɓawon ne ya ɓantare, gutsurensa ya je ya zauna a ƙaramin ramin bawul ɗin lantarki. A irin injin da ke da wannan bawul, za a ga ruwa yana fitowa ta bututun tururi amma ba ya fitowa ta bakin kofi. Gyaransa shi ne a zare filogi daga bango, a bar injin ya huce sarai, a kwance bawul ɗin a jiƙa shi, a buɗe ramin da siririyar allura. Wanda bai saba da kwance kayan lantarki ba ya kai wa mai gyara. Haka ma manyan injina masu tukunya biyu, ban ba kowa shawarar ya wanke su a gida ba, domin fitar da ruwan tsami gaba ɗaya daga tukunyar tururi yana da wuya. Wani lokaci kuma ɓawon ne ke riƙe da tsohuwar roba, ana cire shi yoyo ya bayyana. Sai a canza zoben robar.

Wasu da suka gaji da duk wannan sukan koma ruwan da aka tace ƙal, irin wanda ake zuba wa batir, suna ganin sun huta, alhali an gudu ne ba a tsira ba. Ruwan da babu komai a cikinsa yana ɗebar ƙarfe daga tagulla sannu a hankali, kofinsa ba shi da armashi, kuma injinan da ke gane cikar tukunya ta hanyar ratsawar lantarki a cikin ruwa sukan kasa ganin sa, su yi ta neman ruwa alhali a cike suke. Wasu daga cikin masu fiya wata da ruwan kwalba suna tace nasu har ya kusa kai wannan matsayi, wasu kuma ba haka ba, don haka sunan da ke jikin leda ba ya wadatarwa, a tsoma na'urar a gani. Idan ta nuna tsakanin 75 da 150, kuma KH ya ba da ɗigo biyu ko uku, an samu ruwan da za a riƙe. Idan ta nuna ƙasa da 30, to ruwan ya zama farar takarda da za a iya gyarawa a gida.

Gyaran kuwa ba shi da wuya. A auna giram 8.4 na sodiyam bikabonet, wato sodar da ake sa wa kek, ba hodar tashi ba, a narkar da ita a lita ɗaya ta wannan ruwa mai tsabta, a rubuta wa kwalbar suna a ajiye a firiji. Daga cikinta ake ɗebo mililita 10 da sirinji a zuba a kowace lita ta ruwan da za a ba injin. Wannan yana ba da bikabonet daidai da miligiram 50 a lita, kuma tunda babu kalsiyam a ciki, ɓawo ba zai taru ba ko an shekara goma. Wanda ya ji kofin ya yi masa sirantaka zai iya ƙara ɗan gishirin Epsom da ake samu a kantin magani: giram 12 a wata kwalbar lita ɗaya, a ɗebo mililita 10 a kowace lita, wanda ke kawo taurin ruwan kusa da 50 ta hanyar magnesiyam. Wata ƙanwar mahaifiyata da ta gan ni ina wannan awo ta ce, "Ɗana, ai ga kanwa nan a ɗaki, me ya kai ka sayen ta Bature?" Tana da gaskiya ta wani fanni, domin kanwa 'yar'uwar soda ce, sai dai tana zuwa da yashi da gishiri, kuma ƙarfin wannan dunƙule ba ɗaya yake da na wancan ba, don haka ba za a iya auna ta ba.

A gidana yanzu akwai jarka ɗaya mai lita biyar da babu wanda ke taɓa ta sai don injin, kuma takan kai ni kwana goma. Ranar da aka dawo da ruwan famfo bayan ɗaukewa, ina barin na farko ya zuba a bokiti har ya washe kafin a buɗe wa tankin sama, kuma duk tankar da ta kawo ruwa, ina tsoma na'urar a cikinsa tun direban bai tafi ba, in rubuta lambar da kwanan wata a jikin kalandar ɗakin girki.